KAFIN KA HAƘA HARSASHIN GIDANKA

Da zarar amfanin gona ya shigo gida, an sayar da riɗi da gyaɗa, sai hankalin magidanta ya koma wajen gini. A ƙasar Buji, kamar sauran ƙasar Dutse, rani shi ne lokacin yin tubali da buga bulo. Wani yana so ya ƙara ɗaki gama ɗansa zai yi aure. Wani damina ce ta kayar masa da katanga. Wani kuma ya daɗe yana tara kuɗi, ya sayi fuloti a gefen gari, yana so ya fita daga gidan haya.

Dukan waɗannan mutane sun san kuɗin buhun siminti da na bandir ɗin kwano. Amma kaɗan ne daga cikinsu suke tunawa da izinin hukuma, sai ran da suka ga an shafa wa bangonsu jan fenti. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane. Saboda haka bari mu bi wannan magana daki-daki, domin mai karatu ya san ƙofar da zai buga, da abin da zai riƙa a hannu, da kuma dalilin da ya sa aka kafa waɗannan ƙa'idodi.

Ƙasa ta wane ne?

A zamanin En'e, idan mutum yana son wurin gini sai ya je wurin mai unguwa, shi kuma ya kai shi gaban dagaci, a nuna masa fili. Har yanzu maganar waɗannan shugabanni tana da nauyi ƙwarai, gama su ne suka san iyakar kowa. Amma doka ta sake fasali. A 1976 aka yi gyaran mulkin ƙananan hukumomi a dukan Nijeriya. A watan Maris na 1978 kuma gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda take aiki har wa yau.

Wannan doka ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Sa'an nan ta raba ƙasar kashi biyu. Wuraren da Gwamna ya ayyana cewa birni ne, shi ne yake ba da izinin mallaka a cikinsu. Sauran ƙasa kuwa, wato ta karkara, tana hannun ƙaramar hukuma, kuma ita ce take da ikon ba mutum izinin mallaka na gargajiya domin noma, ko kiwo, ko gina gidan zama. Dokar ta kuma ce idan mai irin wannan izini zai sayar da wurinsa ko ya ba da shi jingina, sai da yardar ƙaramar hukuma.

Ma'anar wannan ita ce, takardar ciniki da kuka rubuta da wanda ya sayar maka da fili, ko da shaidu goma sun sa hannu, mataki na fari ne kawai. Tana da amfani, kada ka yar da ita. Amma sai ka kai ta inda za a rubuta sunanka cikin littafin hukuma.

Wace ƙofa za ka buga?

An kafa Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, daga tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27. Buji tana ɗaya daga cikinsu, an cire ta daga Birnin Kudu a 1996, hedkwatarta kuwa tana Gantsa. Tana cikin ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, tare da Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Kiyawa, Jahun da Miga.

Mutumin ƙasar Buji zai fara daga sakatariyar ƙaramar hukuma a Gantsa. A can zai nemi jami'in da yake kula da filaye, da sashen ayyuka, da kuma ma'aikatan duba-gari. Tambaya ta fari da zai yi ita ce, "Filin nan nawa yana cikin wurin da aka ayyana birni ne, ko kuwa yana cikin karkara?" Amsar wannan tambaya ita za ta nuna masa ko maganarsa za ta ƙare a Gantsa, ko kuwa sai ya dangana da Dutse.

Wanda zai yi gini a cikin birnin Dutse, sha'aninsa yana hannun Hukumar Raya Babban Birnin Dutse. Jihar tana kuma da Hukumar Raya Birane, da Ma'aikatar Ƙasa wadda take shirya takardun mallaka da Gwamna yake bayarwa.

Wani zai ce, don me ƙa'idar Jigawa za ta bambanta da ta Kano ko ta Legas? Ga dalili. A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar tsara birane da yankuna, wadda ta raba aikin tsakanin tarayya, da jiha, da ƙaramar hukuma. Amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cikin ƙarar da Jihar Legas ta kai, ta ce tsara gari da ba da izinin gini hakkin jihohi ne. Don haka kada ka dogara ga abin da ɗan'uwanka ya yi a wata jiha. Ka tambayi ofishin da yake kula da inda filinka yake.

Takardu biyu ne, kada ka gama su

Mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Akwai takardar mallakar fili, akwai kuma takardar izinin gini. Ta fari tana cewa wurin nan hakkinka ne. Ta biyu tana cewa an duba abin da kake so ka gina, an ga ba zai cuce ka ba, ba kuwa zai cuci maƙwabcinka ba. Mutum yana iya zama da fili nasa na gado tun kaka da kakanni, duk da haka a hana shi yin gini a wani sashe nasa, domin hanyar ruwa ce, ko kuwa wayar lantarki ta bi ta sama.

Ga abubuwan da akan nema daga mai neman izini, musamman idan ginin bulo ne a cikin gari:

1. Takardar roƙo da sunanka, da bayanin irin ginin da za ka yi.
2. Shaidar cewa filin naka ne, wato takardar mallaka, ko ta rabon fuloti, ko ta ciniki, ko ta rabon gado.
3. Taswirar safiyo mai nuna iyakar filin da girmansa. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, wato kimanin mita 15 da mita 30.
4. Zanen gidan, mai nuna ɗakuna, ƙofofi, tagogi, madafa, masai, da inda ruwan gida zai bi ya fita.
5. Idan bene ne, sai an haɗa da lissafin injiniya mai rajista. Majalisar da take yi wa injiniyoyi rajista, wadda ake kira COREN, tana nan tun 1970.
6. Kuɗin da hukuma ta yanka, wanda dole a ba ka rasit a kansa.

Bayan an duba takardu, sai jami'i ya zo ya ga filin da idonsa. Idan kome ya yi daidai, za a buga hatimi a kan zanen, a ba ka naka, ofis ya ajiye nasa. Ka karanta takardar da kyau, gama izini yana da wa'adi. Dokar 1992 ta sa shekara biyu. Idan wa'adin da aka rubuta maka ya wuce ba ka fara ba, sai ka koma a sabunta.

Me suke dubawa?

Abu na fari shi ne ruwa. Ƙasar tsakiyar Jigawa jigayi ne da fadamu. Da rani ko'ina a bushe yake, har mutum ya ga kwari ya ɗauka wurin gini ne mai kyau, ga shi da araha. Amma ruwa ba ya manta hanyarsa. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wahala. A watan Agusta na 2024 ruwa ya shiga Gantsa kanta, ya raba ɗaruruwan iyalai da gidajensu, ya cinye gonaki masu yawa. Ba kowace ambaliya ce mutum zai iya kauce mata ba. Amma wanda ya yi gini a bakin kududdufi, ko ya toshe magudanar ruwa da katangarsa, ya jawo wa kansa, ya kuma tura ruwan cikin gidan maƙwabci. Kafin ka sayi fili, ka je ka gan shi a watan Agusta, ka kuma tambayi tsofaffin unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Abu na biyu shi ne hanya. Kowa yana so ya ci taku ɗaya ko biyu daga cikin layi. Idan gida goma suka yi haka, sai layin ya zama lungu. Ran da mace take naƙuda da dare, mota ba za ta iya shiga ba. Ran da gobara ta tashi, masu kawo gudunmawa ba su da wurin wucewa. A bakin manyan hanyoyin tarayya kuwa, akan bar kimanin mita 45 daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe. Wanda ya gina a cikin wannan tazara, ran da za a faɗaɗa hanya ba shi da bakin magana.

Abu na uku shi ne wayar lantarki. Ƙa'idar ƙasar nan ta ce a bar fili mai faɗin mita 11 a ƙarƙashin manyan wayoyin da suke shiga garuruwa, wato mita 5 da rabi kowane gefe. Waɗanda suke bisa dogayen turakun ƙarfe kuwa, akan bar musu mita 30 ko mita 50, gwargwadon ƙarfin wutar. Rufin kwano a ƙarƙashin irin wannan waya hatsari ne ga duk wanda yake kwana a ɗakin.

Abu na huɗu shi ne masai da rijiya. Nan ne aikin duba-gari yake. Iyayenmu suna tuna yadda ake tsoronsu a dā, sa'ad da suke shiga gida gida suna leƙa randa da tulu. Tun 1932 ake koyar da su a makarantar tsabta ta Kano. Masanan lafiya sun ce a raba ramin masai da rijiya da misalin mita 30, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi bisa inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Ƙasa mai rairayi tana barin ƙazanta ta ratsa da sauri. Idan ta kai ga rijiya, sai zawo da amai da gudawa da zazzaɓin taifot su shiga gida, yara ƙanana kuwa su ne suke fara kwantawa. Ka tuna fuloti ɗaya tsawonsa mita 30 ne kawai. Wato masai naka yana iya ɓata rijiyar maƙwabcinka ba tare da ka sani ba. Shi ya sa ake bukatar wani wanda zai dubi gidajen biyu tare. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa ta zama jiha ta fari a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili. Wannan abin yabo ne, amma ba zai ɗore ba sai kowane sabon gida ya zo da masai nasa, a wurin da ya dace.

Abu na biyar shi ne iska da haske. Ɗaki marar taga mai kyau yana tara zafi da hayaƙi, tari da sanƙarau kuma sun fi yaɗuwa inda mutane da yawa suke kwana a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Idan da hali, a sa tagogi a bango biyu dabam, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can.

Sa'ad da aiki ya kankama

Samun takarda ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai lokatai da ya kamata idon wanda ya san aiki ya ga ginin, gama bayan an rufe ba mai sake gani.

Na fari, ran da aka ja igiya aka kafa turaku. A nan ne ake tabbatarwa ba a shiga hanya ko filin wani ba. Gyara a wannan rana bai wuce a cire turke a matsar da shi ba. Bayan wata guda kuwa, gyaran rushe bango ne.

Na biyu, bayan an haƙa harsashi, kafin a zuba kankare. Za a duba zurfinsa, a ga ko an kai ga ƙasa mai ƙarfi. Wurin da dā juji ne, ko tsohon rami da aka cike, yana nutsewa a hankali, bango kuma ya tsage.

Na uku, sa'ad da gini ya taso daga ƙasa. Ya kamata daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida kuma ta fi layi tudu. A nan ne ake shimfiɗa abin da zai hana danshi hawa bango.

Na huɗu, bayan an ɗaura rodin linta ko na dakin bene, kafin a zuba kankare. Kwaɓin da aka saba yi wa irin wannan aiki shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuwa ba ya cika sai wajen kwana 28. Mai gaggawar cire katako yana wasa da rai.

Na biyar, bayan an gama, kafin iyali su tare. A duba wayoyin wuta, da masai, da hanyar ruwa, da ɗaurin rufi, gama iskar farkon damina takan yaye kwanon da ba a ɗaure shi da bango sosai ba.

Wannan al'amari ba sabo ba ne a duniya. Kusan shekara 3,800 da suka wuce, Sarki Hammurabi na Babila ya sa a cikin dokokinsa cewa maginin da gininsa ya faɗi ya kashe maigida, shi ma a kashe shi. Bayan babbar gobarar Landan ta 1666, sai aka kafa doka a Ingila cewa a sake gina birnin da jan bulo da dutse maimakon katako. A ƙasarmu ma mun ga abin da sakaci yake jawowa. Ran 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka mutu, bincike kuwa ya nuna hawa 15 aka yarda a gina. Ran 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta ya faɗi a Jos, aka rasa rai 22. Gidanka ba bene mai hawa 21 ba ne, amma bangon ɗaki ɗaya ya isa ya danne yara suna barci.

Gidan ƙasa fa?

Yawancin gidajen ƙauyukan Buji na ƙasa ne, kuma mutum yakan ƙara ɗaki a cikin gidan gado ba tare da ya je ofis ba. Ba wanda zai ce sai talaka ya nemi injiniya kafin ya gina ɗakin tubali. Amma ƙa'idodin da muka lissafta ba su bar shi a baya ba. Idan sabon wuri ne, ko katanga ce da ta fuskanci hanya, ko ramin masai, ka sanar da mai unguwa, ka kira maƙwabta su tsaya a kan iyaka, ka nemi shawarar duba-gari.

Ginin ƙasa yana da sanyi da rani, yana kuma daɗewa idan an kula da shi. Maƙiyinsa shi ne ruwan da yake kwanciya a gindin bango. Saboda haka wanda yake da hali ya sa harsashi na dutse ko na bulo, ya tashe shi bisa ƙasa kafin ya ɗora tubali. A sa indararo mai tsawo domin ruwan soro ya zuba nesa da bango. A duba azara ko gara ta ci ta. A sabunta yaɓe kowace shekara kafin ruwan fari. Idan bango ya tsage ko ya fara karkata da damina, a fitar da iyali daga ɗakin a daren nan, kada a ce sai gobe.

Maganar kuɗi da gaskiya

Wani zai ce, "Zuwa ofis ɓata lokaci ne, gara in ba wani ɗan abu a rufe ido." Mai wannan tunani yana cutar kansa. Kuɗin da aka bayar a ɓoye ba ya barin shaida. Ma'aikaci yana iya samun canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuwa littafi zai buɗe. Idan sunanka ba ya ciki, ba ka da abin nunawa. Kowane kuɗi da ka biya, ka karɓi rasit na hukuma. Kowace takarda da ka miƙa, ka riƙe kwafinta, ka rubuta ranar da ka kai ta. Idan an daɗe ba ka ji amsa ba, ka koma ka tambaya da ladabi, ka kuma nemi ganin shugaban sashen in ya zama dole. Idan an ƙi ba ka izini, ka roƙa a rubuta maka dalili, gama sau da yawa ɗan gyara ne kawai a zane.

Su ma ma'aikata akwai nauyi a wuyansu. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin gyaran tituna da magudanun ruwa, da sa wa tituna suna, da ba gidaje lamba, da kwashe shara. Idan hukuma ta yanka filaye da tsari tun da wuri, ta manna kuɗin izini a allo inda kowa zai gani, ta kuma amsa wa mutane da sauri, jama'a ba za su guje ta ba. Jami'in da ya sa hannu a kan ginin da bai je ya gani ba, yana da rabo cikin alhakin abin da zai faru.

Takarda tana da wani amfani kuma. Dokar 1978 ta ba gwamnati ikon karɓar fili domin aikin jama'a, kamar hanya ko makaranta ko asibiti, amma ta ce a biya diyyar gini da sauran abin da mutum ya yi a wurin. A irin wannan rana, mai takarda ya fi samun sauƙin karɓar hakkinsa.

Uwargida, ke ma da ke ake

Maigida, kada ka yi zanen gida kai kaɗai. Uwargida ce take wuni a cikinsa. Ita ta san inda hayaƙin madafa yake bi, da inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya, da nisan da yara za su yi zuwa masai da dare. Shawararta tun a kan takarda ta fi gunaguninta bayan an gama.

Sa'an nan ku nuna wa juna inda takardun suke. Sau nawa muka ga maigida ya rasu, aka bar mace da marayu ba su san ko da iyakar filinsu ba, har wani ya zo ya ce nasa ne? Ku sa takardar ciniki, da ta mallaka, da taswirar safiyo, da zanen da aka buga wa hatimi, da dukan rasit a cikin leda, ku ajiye a akwatin ƙarfe inda ruwa da gara ba za su kai ba. Ku ba wani amintaccen ɗan'uwa kwafi ya ajiye a wani gida dabam. Idan akwai mai waya a gidan, ya ɗauki hotonsu.

Gina gida aikin shekaru ne, yawancin mutane kuwa sau ɗaya suke yinsa a rayuwarsu. Kwana kaɗan da za ka ɓata tsakanin gidan mai unguwa da sakatariya ba kome ba ne idan ka gwada su da shekarun da 'ya'yanka da jikokinka za su yi a ƙarƙashin wannan rufi. Idan kana da niyyar gini a ranin bana, ka fara neman takardunka tun yanzu, kafin ka sayi ko da buhun siminti ɗaya.